Ɗiban Ruwa a Ƙasar Turkawa

Tun da na dawo ƙofar gidan nan ba ta huta ba. Wannan ta shigo ta ce, "Iya Ladi, yaya ƙasar Turkawa?" Waccan ta leƙo ta ce, "Wai da gaske ne ruwa kika je ɗebo musu?" Na faɗa har bakina ya gaji, kuma duk faɗar da zan yi sai kuka ya tare ni a tsakiya, mai tambaya ta tashi da rabin labari. Shi ya sa na kira maƙwabciyata Malama Binta, mai koyarwa a Islamiyya, na ce ta zo da biro. Ni ban san baƙi ba, ko na boko ko na ajami. Zan faɗa, ta rubuta. In na yi kuka ta jira ni.

Mafarin abin dai maigidana Malam ne ya rasu, Allah ya jiƙansa. Manomin rani ne, tumatir da albasa yake yi a bakin kogin Wudil. Lokacin da aka kawo ni gidan nan ba famfo ba rijiyar burtsatse, daga kogi nake ɗebo ruwa da tulu. In na iso zaure sai in tarar ya miƙe tun ban yi magana ba, ya kama tulun da hannu biyu ya ce, "An gaishe da mai ruwa," ya sauke ni. Abokansa sun yi masa tsiya har sun gaji. Famfo ya zo, tulu ya fashe, shi bai daina ba. Ko niƙa na ɗauko, ko itace, maganar ke nan. Har muka tsufa.

Ni ban iya ɓoye kuka ba. In na ga takalminsa, kuka. In na tuƙa tuwo na ga na kwashe kwano biyu, kuka. Da na fita takaba sai autata Rabi ta zo daga Santambul, inda take aure. Mijinta Auwalu ƙofofi da kujeru yake turo wa 'yan kasuwar Kano. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce gwiwata tana son likita, kuma likitan gwiwa sai can. Na yarda. Na bar wa Binta awakina, na ce mata yanzu zan dawo.

Muka hau mota zuwa Kano. A kan gada na hango fadamar Malam, wani ya riga ya ja kunyoyin shuka a ciki. Na yi kuka har Mariri. A filin jirgi aka buɗe jakata, ma'aikacin ya kwance ƙullin daddawa ya shinshina, ya ce, "Baba, wannan ta Darki ce ko?" Na ce ita ce. Ya ce in wuce, amma in na isa can kada in ce shi ya bar ni.

Jirgin ba abin da zan ce da shi. An ɗaure ni a kujera kamar akuya za a kai kasuwa, aka kawo abinci a 'yan kwanoni irin na wasan 'yar tsana. Na ci abin da na gane, na bar sauran.

A bakin iyakarsu akwai wani mutum a cikin akwatin gilashi. Ya dubi fasfona, ya dube ni, ya sake duban fasfo. Hoton kuwa tun Malam yana raye aka ɗauka, lokacin da muke sa ran zuwa Umra. A ciki ina da kumatu, ina murmushi, don Malam yana tsaye bayan mai hoton yana kwaikwayon yadda na ƙame. Da na tuna haka sai hawaye. Mutumin ya yi wa Rabi magana, ta ce, "Inna, wai ki daina kuka, na'ura ba ta gane ki ba."

Na ce, "Ki ce masa na'urar ta jira. Mijina ne ya mutu."

Ta faɗa masa. Sai ya miƙe tsaye a cikin akwatinsa, ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai. Ni da shi da na'ura muka jira har na gama. Mutanen da ke bayanmu ba wanda ya yi tari. Ya buga hatimi ya miƙo mini da hannu biyu.

Gidan su Rabi a sama yake, can inda shaho ya kamata ya zauna. Ba tsakar gida. Maƙwabci in kun haɗu kalma ɗaya zai jefo miki ya wuce, ba ya tambayar gajiya balle mutanen gida. Kyanwoyi kuwa su ne masu garin. Na ga kyanwa kwance a kujerar mai kanti, shi yana tsaye. Likitan da aka kai ni ya lanƙwasa gwiwar, ya miƙe ta, ya ce tsufa ne, in dinga tafiya. Na ce da Rabi, "Wannan ai Binta ta gaya mini tun a gida."

Ana nan wata rana da hantsi ina ɗaki na ji Rabi tana waya da babban wansu, na Kano. Tana cewa ya je Wudil ya kulle gidan, ya sayar da awakin, Inna ta zo ke nan. Na fito da carbi a hannu na ce, "Awakin wa?"

Ta ajiye wayar ta ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ke kaɗai a gidan nan, ba ci ba barci. In kika faɗi wa zai ɗaga ki?"

Na ce, "Ɗakin ubanki za ki kulle?"

Ta ce, "Baba ya tafi, Inna. Ke ce kika rage mini."

Ta yi kuka, na yi kuka, ba wadda ta sauka daga maganarta. Na daina taɓa abincinta. Auwalu, bawan Allah, ya rasa inda zai sa kansa. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce za su kai ni kudu, bakin Bahar Rum, in sha iska in ga ruwa. Na ce, "Ni 'yar Wudil za a nuna wa ruwa?" Ya ce wannan daban ne, daga kan dutse yake faɗowa, kuma sai an bi ta cikin tsagar dutse da ƙafa, tafiya mai nisa, kafin a kai gare shi. Rabi ta ce, "Ke dai a masauki za ki zauna, Inna. Ba za ki iya ba."

Na ce, "In na je na dawo da ƙafata fa?"

Ta yi dariya.

Na ce, "In na je na dawo da ƙafata, za ki mai da ni ɗakina. Mijinki shaida."

Ta ce ta yarda, don ta san abin da ba zai yiwu ba ne. Auwalu ya dubi ƙasa ya ce ya shaida. A ranar na ci abinci.

Doguwar mota muka hau. A ciki wani mutum mai farar riga yana bin kujeru yana tsiyaya wa kowa wani ruwa a tafin hannu. Na tara hannu biyu kamar mai karɓar tofi, na shafe fuskata da shi har ido. Ashe turaren lemo ne. Na yi ta zubar da hawaye, Rabi tana cewa, "Inna, ki yi haƙuri, ki yi masa addu'a." Na ce, "Wannan ba na ubanki ba ne, na lemo ne."

Da muka kai bakin tekun na tsaya na duba. Ruwa ba tsallake. Amma ba mai wanki ko ɗaya, ba saniya tana sha, ba mai jan ruwa zuwa gona. Mutane ne kwance a yashi ba suturar kirki, an shanya su kamar kifi, in gefe ɗaya ya yi sai su juya ɗayan. Na ja mayafina na ce mu tafi.

Masaukinmu gidan katako ne a gindin duwatsu, na wata tsohuwa. Muna sauka ɗanta, ƙato mai furfura, ya kama hannuna ya sumbata ya ɗora a goshinsa. Na fizge na ce da Rabi, "Zazzaɓi yake yi ne yake so in taɓa?" Ta ce haka suke gai da manya. Da safe aka jera mana ɗanyen tumatir, da kokwamba, da zaitun, da cuku. Na naɗe hannu ina jira a kwashe a kai kan wuta, ashe an gama girkin ke nan. Nononsu kuma gishiri suke zuba masa. Na ce Allah ya sa Fulaninmu na Ɗankaza kada su ji.

Tsohuwar ta lura da idona. Ta ja ni ɗakinta ta nuna mini hoton wani mai gashin baki a bango, ta kwantar da kai a tafin hannu ta rufe ido. Na gane. Na nuna ƙirjina na ɗaga yatsa ɗaya. Muka zauna a bakin gadonta, tana ba ni labarin nata da yarensu, ina ba ta labarin nawa da Hausa, muna kuka. Ba wanda ya fassara, ba kuma abin da ya ɓace mana.

Ranar tafiyar na same ta a madafa. Na nuna dutse, na yi alamar ruwa yana zuba, na dafa kaina. Ko tambaya ba ta yi ba. Ta ɗauko wani babban bokiti mai tsabta ta miƙo mini.

Rabi ta gan ni ta ce, "Inna, ina za ki da bokiti?"

"Ba ruwa kika ce za mu ba?"

"Kallo za mu je yi."

"Kallon me?"

"Ruwan."

"A kalle shi a dawo?"

"E mana."

Na ce, "Rabi, a sha wannan tafiyar, a je har bakin ruwa, a juyo hannu rabbana? In an tambaye ni me na je yi, in ce me?"

Ta dubi mijinta. Shi kuma ya sami wani abu a takalminsa yana dubawa.

A bakin tsagar dutsen akwai rumfar mai shayi da kujeru, da wani ɗan jagora mai gashin baki kamar tsintsiya. Ya raba mana takalman roba da hulunan kwano irin na 'yan acaɓa. Na ɗora tawa a kan ɗankwali. Cikin ayarinmu akwai wani tsohon Bature da matarsa, kowanne da gajeren wando da sanda biyu. Na ce a raina, mutum ya kai ga dogara sanda biyu, 'ya'yansa su bar shi ya zo nan, ko wandon kirki ba su ɗinka masa ba. Tausayinsu ya kama ni.

Muka shiga. Dutse ne kamar an sa gatari an raba shi biyu, sama ta koma siririya kamar zare, hanyar kuma ruwa ce. Da na sa ƙafa sai da na yi salati. Sanyinsa ba fata yake taɓawa ba, ƙashi yake nema. Na tattare zanina na ɗaure tamau. Wani wuri ruwan iya ƙauri, wani wuri har cinya, ƙasa duk duwatsu masu santsi.

Ba mu yi nisa ba takalmin Auwalu ya zame ya biyo ruwa, na tara bokiti na kama shi kamar tarwaɗa. Can gaba tsohon Baturen ya zauna daɓas a cikin ruwa, sandunansa biyu suna sama. Aka ɗaga shi, na kifa masa bokitin a kan wani dutse ya zauna ya huta. Da ruwa ya yi zurfi sai matarsa ta sa wayarta a ciki. Wani ya gani ya sa tasa. Kafin a jima ni ce mai ɗauke da wayoyin ayari duka, suna ta ƙara a cikin bokiti kamar 'yan tsaki.

Akwai inda ruwan yake da ƙarfi, sai an riƙe hannu. Ɗan jagora yana can gaba, Rabi tana manne da igiyar bango, Auwalu ne kusa da ni. Ya miƙo hannu, ya janye. Na miƙa, na janye. Surukina ne, tun da ya auri 'yata ko ido ba mu haɗa ba. Ɗan jagora yana ta ihu. Ƙarshe na kama bakin bokiti ta nan, shi ya kama ta can, kowa ya kau da kai, muka haye.

Tun ba mu gan shi ba muke jin rugugi. Da muka sha kwana sai ga shi, fari fat, yana faɗowa daga sama kamar an kifar da ƙwaryar nono da ba ta ƙarewa. Na ce Allahu Akbar. Na ce ina ma Malam ya gani, shi da yake kwana lissafin yadda zai ja ruwa ya hau tudu, ga wani yana saukowa da kansa ba inji. Na yi kukana, rugugin ya shanye.

Da na share ido sai na ga abin mamaki. Mutanen nan da suka sha wuya suka zo, kowa ya karɓi wayarsa ya juya wa ruwan baya, ya ɗaga hannu yana washe haƙora. Ba wanda ya sha ko kurɓi ɗaya. Ni na yi bisimilla na sha, na yi alwala. Na cire hular kwano zan yi ƙoƙo da ita, ashe duk huda ce a jikinta. Sai na tara bokitin kai tsaye ya cika fal. Na naɗe mayafina na yi gammo, na ce da Auwalu ya ɗora mini.

Rabi ta ce, "Inna, don girman Allah!"

Ɗan jagora ya taho yana nuna hula yana nuna kaina, wai doka ce sai hula tana kai. Na karɓa na kifa ta a kan ruwan, yadda muke sa ƙoƙo ko ganye don kada ya yi tambal-tambal. Ya duba. Hula dai tana sama, kai yana ƙasa. Ya shafa gashin bakinsa ya juya.

Rubuta wannan da kyau, Binta. Da nauyin ya zauna mini a ka, sai jikina ya tuna. Bayana ya miƙe. Ƙafata ta dinga laluben dutse da kanta kafin ta taka. Gwiwar tana ciwo, ba zan yi ƙarya ba, kamar ana soka mata tsinke. Amma mai kaya ba ta tsayawa hira, kuma ba ta waiwaye. Na wuce Baturen, na wuce matarsa, na wuce ɗan jagora. Inda muka haye da Auwalu na kama igiya da hannu ɗaya na tsallake. Ban san cewa Rabi ta zame ta gurɗe ƙafa a baya ba, mijinta ya tsaya yana tallafa mata.

Na fito bakin rumfar shayi ni kaɗai, ruwa cike. Wurin maƙil da mutane. Na tsaya na ce, "Salamu alaikum, a sauke ni."

Suka juyo. Wani ya fara tafi, sauran suka ɗauka.

Na ɗan rusuna yadda ake yi, na nuna bokitin da ido. Suka ƙara tafi. Wani saurayi ya zo ya tsaya a gefena ya ɗaga yatsu biyu, aka ɗauke mu hoto. Wata mata ta sa mini biskit a hannu. Kyanwa ta zo tana goga jikinta a ƙafata. Wuyana ya ɗau zafi. Duk wadda ta taɓa ɗaukar ruwa ta san cikakken bokiti ba ya saukuwa da hannun mai shi, balle tsohuwa. Ko ki zubar, ko ki karya wuya. Ni kuwa ban ɗauko shi daga can don in zubar a gaban mutane ba.

Na sake cewa, "Bayin Allah, a sauke ni." Ba mugaye ba ne, dariyarsu ta ƙauna ce. Ba su san abin da nake roƙo ba ne kawai.

Sai na ji bakina ya ce, "Malam, sauke ni mana."

Wallahi ban shirya faɗa ba. Da na ji abin da na ce sai kuka ya ɓalle mini, kuma ba halin in sunkuya. Na tsaya ƙyam, kai a miƙe, hawaye yana zuba, hular kwano tana yawo a sama.

A haka Rabi ta fito tana ɗingishi, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta ji ni. Ta saki hannun mijinta, ta ratsa mutanen, ta kama bokitin da hannu biyu. Ta ce, "An gaishe da mai ruwa."

Ta sauke ni. Rabin ruwan a jikinmu ya ƙare, don ba ta iya ba. Muka zauna a ƙasa jiƙe sharkaf muna kuka, mutanen suka daina tafi, kowa ya koma ga shayinsa a hankali.

Da ta sami numfashi ta ce, "Kin gani ko, Inna? Kin ɗauko, na yarda. Amma da ban zo ba fa?"

Na ce, "Da a ƙofar gidana ne, kafin in rufe baki Binta ta fito. In ba ta nan, mai kanti. In ba ya nan, duk wanda ya zo wucewa a keke zai jingine ya sauke ni, ya tambaye ni gajiya. Nan kuwa dubi yawansu, Rabi. In kin fita unguwa, da su za ki bar ni."

Ta dubi mutanen, ta daɗe tana dubansu. Ta dubi bokitin. Sannan ta ce da mijinta, "Kira Yaya. Ka ce kada ya taɓa awakin."

Sauran ruwan na kai wa tsohuwar masauki. Ta karɓa da hannu biyu, ta dafa mana shayi da shi. Shayin dai shayi ne, bai fi na famfo da komai ba. Muka shanye tas. Da za mu rabu na bar mata rabin daddawata. Ta shinshina, ta rungume ni. Ban san abin da ta yi da ita ba.

Rabi da kanta ta rako ni har Wudil, tana ɗingishi ni ina tafiya daidai. Na tarar an riga an sayar da bunsurun, amma dama ni da shi ba ma shiri. Sauran suna nan. Takalmin Malam yana inda na bar shi. Na gan shi na yi kuka, kuma gobe ma zan yi, kada wadda ta zo ta ce mini in daina.

Shekaranjiya na kai niƙa. Na dawo da shi a ka, na tsaya a zaure inda ya saba miƙewa. Ban ko buɗe baki ba sai ga Binta ta fito da gari a hannunta, ta kama ta sauke ni, ta ce, "Sannu, Iya." Ba ta ce an gaishe da mai ruwa ba. Ba laifinta ba ne, ba ta sani ba.

Yanzu kuwa da hannunta ta rubuta, ta sani. Ajiye biron, Binta, kina jiƙa takardar.